Kofin da Ba Ta Kurɓa Ba

"Me za a ba ka, Mastro Gasparo?"

Ortensia ba ta ɗago kai ba. Dakan wata busasshiyar saiwa take yi a ƙaramin turmin tagulla, kamar saiwar ce ta yi mata laifi.

Mastro, laƙabin girmamawa na masu sana'a. Shekara biyu rabon da ta kira shi da wannan suna. Gasparo ya tsaya a bakin kantar shagon maganinsu, yana murɗa hularsa a hannu.

"Ortensia... magana na zo mu yi."

"Ba ma sayar da magana. Akwai na tari, akwai na ciwon ciki, akwai na tsutsa. Wanne?"

"Don Allah, hasken idona."

"Na ido ma akwai. Kuɗinsa baiocco biyu."

Mahaifiyarta, Donna Petronilla, ta leƙo daga ɗakin ciki tana goge hannu a zaninta.

"A'a, surukin da bai zama ba. Ka zo da dutsen naka? Kawo mu ɗora a bakin rijiyarmu, mu ga ko ita ma mayya ce."

Gasparo ya mayar da idonsa kan katakon da ke bayan Ortensia, inda aka jera korayen kofuna a sama, baƙaƙe a ƙasa, don dai ya samu abin kallo da ba fuskarta ba.

Wata tsohuwa ta shigo tana tari. Ortensia ta ɗauko koren kofi, ta zuba mata magani, ta kai bakinta ta kurɓa, ta haɗiye, sannan ta miƙa. Tsohuwar ta jira ta ga maƙogwaronta ya motsa kafin ta karɓa.

Haka ake yi. Tun shekarar da aka rataye wasu mata a Roma kan sayar wa matan aure ruwan kashe miji, babu mai karɓar kofi daga hannun mace mai haɗa magani a nan garin Viterbo sai ta fara kurɓa. Ba wanda ya kafa dokar. Tsoro ne ya kafa ta. Sau talatin a yini, wani lokaci arba'in, Ortensia na haɗiye ɗacin ciwon wasu. Shi ya sa ba ta ƙiba. Shi ya sa abinci ba ya yi mata daɗi.

Ya tuna ranar da ya fara yi mata maganar aure, a bakin maɓuɓɓugar ruwan unguwa. Ta ce masa ba ta son zobe mai tsada, ba ta son mayafin siliki.

"Abu ɗaya nake so, Gasparo. In miƙa wa mutum kofi, ya karɓa ya sha, ban kurɓa ba. Mutum ɗaya a duniya."

Dariya ya yi a lokacin. "Ko ruwan wankin turmi kika ba ni, rabin raina, sai na shanye na nemi ƙari."

Baki. Baki bai da wuyar buɗewa.

Lahadin da ta wuce aka yi baikonsu. Da safe, kafin su fita, mahaifiyarsa Donna Fulgenzia ta riƙe hannun rigarsa ta cusa masa wani abu mai sanyi. Dutse ne mai siffar harshe, irin wanda ake kawowa daga Malta, ana ce masa harshen maciji. An ce in ya kusanci guba, gumi yake yi.

"Mama, me zan yi da wannan?"

"Ka ɗan riƙe shi a kan kofin da za ta ba ka. Ba mai gani."

"Matar da zan aura ce."

"Kawunka Menico ma matar da ya aura ce ta ba shi romo." Muryarta ta karye. "Da hannuna na wanke gawarsa a Roma. Ubanka ya tafi, yayyenka biyu sun tafi. Kai kaɗai ka rage mini. In bai yi gumi ba na sa albarka, ba za ka sake jin bakina ba."

Ya karɓa. Ya ce wa kansa don ta samu natsuwa ne kawai.

Bayan an ci abincin rana, dangi na zaune, Ortensia ta fito da ruwan inabi mai zafi da ta haɗa da zuma da kirfa da kanumfari, kamar yadda amarya ke yi. Ta zo gabansa. Ba ta kurɓa ba. Ta miƙa masa da hannu biyu tana murmushi, irin murmushin da bai taɓa gani a fuskarta ba.

Ya sauke kofin ƙasa da bakin tebur. Ya zaro dutsen.

Dutsen ya yi gumi.

Ɗigo-ɗigo, a gaban idonsa. Sai ya ajiye kofin a kan tebur, ya janye hannunsa.

Wannan ne abin da ke cin sa. Ɗaukar dutsen, zai iya cewa don mahaifiyarsa ne. Ajiye kofin kuwa ba wanda ya sa shi. Na ɗan lokaci, gwargwadon jan numfashi uku, ya kalli Ortensia ya yarda za ta iya.

Ta gani. Ta ga dutsen, ta ga idonsa. Ta ɗauki kofin ta shanye har ƙasa, ta kife shi a kan tebur, ta zare zoben ta ɗora a kai.

"Ka tare mini haske, Mastro Gasparo," ta ce yanzu, tana ci gaba da daka. "In ba sayayya za ka yi ba, hanya na nan."

Ya sa hularsa ya fita.

Ganguna yake haɗawa, na katako, waɗanda masu gonar inabi ke zuba giya. Kwana uku yana aiki kamar wanda aka ɗaure wa dutse a ƙirji. Ran Laraba yana turara katako a kan babbar tukunya don ya lanƙwasu, sai ya ɗauko zoben ƙarfen da ake ɗaure ganga da shi, mai sanyi, ya ratsa ta saman tukunyar.

Ƙarfen ya jiƙe. Ɗigo-ɗigo.

Ya tsaya yana kallo. Tun yana ɗan shekara tara yake ganin haka kullum. Komai mai sanyi in ya haɗu da tururi sai ya yi gumi. Shi da ya fi kowa sanin wannan a duk Viterbo.

Ya jefar da ƙarfen ya nufi gida.

Donna Fulgenzia na juya miyar wake a murhu. Bai gaishe ta ba. Ya ɗauko dutsen daga kan taga ya riƙe a saman tukunyar.

"Me kake yi?"

"Kalla, Mama."

Ta kalla. Ruwa ya taru a jikin dutsen ya ɗiga cikin miyar.

"Ashe ke ma kashe ni za ki yi," ya ce.

"Rufe mini baki."

"Tururi ne. Tururi kawai. A kan tururi na tozarta ta a gaban danginta."

Ta ajiye ludayin a hankali.

"Wanda maciji ya sara," ta ce, "ko tsumma ya gani gudu yake."

"To ki je ki gaya mata haka."

"Ni? In je in durƙusa wa 'yar da na haifi sa'arta, a gaban Petronilla mai bakin nan kamar almakashi?"

"Ki je ki tsaya a tsaye ma. Ki dai je."

"Ba zan iya ba." Ta juya masa baya. "Ba ƙi na yi ba, Gasparo. Ba zan iya haɗa ido da yarinyar nan ba."

Ya gane. Ciwo ɗaya ke damunsu.

Ranar Asabar kasuwa ke ci. Ya yanke shawara tun asuba: a gaban mutane ya ɓata, a gaban mutane zai gyara. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi.

Shagon cike yake. Mata da kwanduna, wani mai gasa burodi da ya ƙone a hannu, da Biagio mai alfadarai yana jira a gefe da bulalarsa. Ortensia ta gama zuba wani ruwa a kofi ta ajiye a kan kantar shagon, ta juya neman kwalbar da za ta juye shi.

Gasparo ya ratsa mutane.

"Ku saurara, jama'a. Ni Gasparo, ɗan marigayi Mastro Sabatino, na zargi yarinyar nan da abin da ba ta yi ba. Ku zama shaida. Duk abin da ya fito daga hannunta, ni zan sha ba sai ta kurɓa ba."

Ya ɗauki kofin ya kafa kai.

"Baƙin kofi ne!"

Ihun Ortensia ya riga hannunta isa. Ta make kofin ya tarwatse a ƙasa. Amma ya riga ya haɗiye sau biyu.

Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Na ƙazwar alfadarina ne fa," in ji Biagio a hankali. "Shafa masa ake yi."

Wuta ta kama daga harshen Gasparo zuwa cikinsa. Ortensia ta tsallako kantar ta cafki wuyan rigarsa.

"Kore na sha ne. Baƙi ba ya zuwa baki. Shekara biyu kana tsayawa a nan, ba ka taɓa lura ba?"

"Ke nake kallo..."

"Yi mini shiru. Ka san abin da ka yi? Kwana shida da mayar maka da zobe. In ka mutu a ƙasan shagon nan, da kofina a hannunka, wa kake jin za a rataye?"

Sai a lokacin ya gani. Igiya. Dandalin gari. Ita da mahaifiyarta. Ya zo wanke sunanta, ya ɗaura mata igiya a wuya da hannunsa.

Donna Petronilla ta fito, ta dubi fasasshen kofin, ta dubi 'yarta. Ba ta yi ba'a ba wannan karon.

"Kada a rufe ƙofa," ta ce. "Kada kowa ya fita. Duk abin da za mu yi, a idonku za mu yi shi. Ortensia, man zaitun da ruwan ɗumi. Biagio, riƙe mini kansa."

Suka ɗura masa. Ortensia ta zura masa gashin tsuntsu a maƙogwaro. Ya yi amai a gaban rabin kasuwar Viterbo, a rigarsa ta coci, a jikin rigarta. Suka sake ɗura masa madara, ya sake yi. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zube. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta.

"Ku ji..." Muryarsa kamar ana goga ƙarfe. "Da hannuna na ɗauka. Ta hana ni. Biagio, ka ji? In alƙali ya tambaya..."

"Na ji, ɗan'uwa. Kowa ya ji. Kai dai kada ka mutu, ka bar ni da zirga-zirgar shaida."

"Adana numfashinka," in ji Ortensia. Hawayenta ya ɗiga a goshinsa. "Wawa. Wawan banza."

Mutanen bakin ƙofa suka dare. Donna Fulgenzia ce, labari ya same ta a wurin masu kayan miya. Ba mayafi a kanta, kwandon ma ta yar a hanya.

Ta tsaya tana kallon ɗanta a ƙasa, leɓensa ya yi fari.

Kowa ya san abin da ake jira. Kalma ɗaya daga bakinta, a ce uwar ta ce an kashe mata ɗa, dogarai za su zo kafin ƙararrawar coci ta tsakar rana ta kaɗa. Gasparo ya yi ƙoƙarin magana, murya ta ƙi fita.

Donna Petronilla ta kawo koren kofi, da wani magani mai kauri a ciki, na kashe ragowar dafin. Ta miƙa wa 'yarta. Ortensia ta karɓa. Ta ɗaga shi zuwa bakinta, kamar kullum.

Donna Fulgenzia ta riƙe wuyan hannunta.

"Bar shi."

"Donna Fulgenzia, sai na..."

"Na ce bar shi, 'yata."

"Ki bari ta kurɓa tukuna," wata ta faɗa daga baya. "Ba a san ciki ba."

Donna Fulgenzia ba ta ko waiwaya ba.

"Ɗana ne ko naki? Mai kashe mutum ba ta zama cikin amansa." Ta karɓi kofin, ta durƙusa a kan gwiwoyinta a wannan ƙazantar, ta tallafi kan ɗanta. "Buɗe baki, Gasparo. Daga hannunta ya fito."

Ya sha.

Mahaifiyarsa ta miƙa wa Ortensia kofin, ba ta iya ɗago ido ba.

"Ni na ba shi dutsen," ta ce. "Ni ce."

"Na sani," in ji Ortensia.

Kwana tara ya yi a kwance. Bai mutu ba. Muryarsa dai ba ta koma yadda take ba, ta dishe, kuma Donna Petronilla ta aiko cewa haka za ta zauna. A kasuwa an riga an raɗa masa suna Alfadarin Biagio. Biagio da kansa ya zo duba shi, ya ce aƙalla yanzu ƙazwa ba za ta kama hanjinsa ba har abada.

Ortensia ba ta zo ba. Magani take aikowa ta hannun mahaifiyarsa, wadda yanzu kullum da safe take zuwa shagon, ta daɗe, ta dawo idonta ja.

Ba ciwon cikin ne ya hana shi sukuni ba. Duk sanda ya rufe ido sai ya ga kofi biyu: wanda ya ajiye da wanda ya ɗauka. Ya rasa wanne ya fi ba shi kunya.

Rana ta goma, da hantsi, ya ji muryarta a tsakar gida. Ta shigo da ƙaramar tukunya a naɗe cikin tsumma. Ya yunƙura ya zauna. Ya kasa kallonta, ya kalli bargon.

Ta jawo kujera. Teburin gefen gadon, wanda ya daɗe yana gurgunta, yau bai motsa ba. Ta leƙa ƙasa. Dutsen ne aka tokare gajeriyar ƙafar da shi.

"Mamarka ta samo masa aiki," ta ce.

"Ortensia, ki yafe..."

"Tsaya. Ni zan yi magana, kai ba ka da muryar." Ta ajiye tukunyar. "Ranar baiko ka ƙi sha don ba ka yarda da ni ba. Ranar kasuwa ka sha don mutane su gani. Duka biyun ba ni ka kalla ba, Gasparo. Na farko tsoronka ka kalla. Na biyu kunyarka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ce ina son mai shan duk abin da ya gani a kan kantar shago ba. Ina haɗa abin da ke warkarwa, ina haɗa abin da ke kashe ɓera. Hannu ɗaya ne. Wanda zai zauna da ni dole ya san haka."

"To yaya zan yi?"

"Ka tambaye ni. In faɗa maka. Ka yarda. Shi ke nan, ba wani abu mai wuya na roƙa ba."

Ta buɗe tukunyar. Ta ciro koren kofi daga aljihun gaban rigarta ta zuba. Tururi ya tashi a tsakaninsu. Ta miƙa masa da hannu biyu. Ba murmushi wannan karon.

Ya ɗago ido ya dube ta, karon farko tun ranar Lahadin nan.

"Mene ne a ciki, rabin raina?"

"Romon kaza. Da wani ganye mai ɗaci, na gyaran hanji. Ba daɗi."

Ya karɓa. Kafin ya kai baki ya lalubo ƙarƙashin matashi, inda zoben ya kwana goma sha shida. Ya miƙa mata ta saman kofin. Zoben da sanyinsa, nan take ya dushe, ruwa ya taru a jikinsa.

Dukansu suka kalla.

"Ya yi gumi," ya ce da disasshiyar muryarsa.

"Ya yi."

Ya shanye romon har ƙasa. Da ɗaci kamar yadda ta faɗa. Ya kife kofin a kan tebur.

Ortensia ta rufe fuskarta da tafin hannu. Kuka take, marar sauti, kafaɗunta na tsalle. Bai taɓa ta ba, bai ga ya kai ba tukuna. Ya dai riƙe zoben a sama yana jira.

Da ta gama ta share ido da bakin mayafi, ta ja hanci.

"Mamata ta ce in ka sake taɓa wani abu a kan kantarta, da taɓarya za ta karya maka yatsu."

"Ta yi daidai."

"Kuma aure sai bayan an gama tsinkar inabi. Ba zan shiga coci da mutumin da iska ke kayarwa ba."

"Na ji."

Ta miƙo hannunta na hagu, yatsun da magani ya rine. Ya goge zoben a jikin bargo, ya zura mata.

A bakin ƙofa Donna Fulgenzia na tsaye, ta kasa shigowa, ta kasa komawa. Ortensia ta dube ta. Ta ɗauki kofin ta sake cika shi.

"Da saura a tukunya, Mama. Kin rame ke ma."

Tsohuwar ta tako a hankali, ta sa hannu biyu ta karɓa.